Masu neman karatun likita da intanet: ɓoye suna bai isa ya ɓoye mutum ba

Da zarar an fitar da sakamakon jarrabawar BAK, ɗaliban kimiyya, musamman na rukunin C da D, sukan shiga haɗa takardu. Masu burin zama likita sun san ƙofofin da za su ƙwanƙwasa: tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ta Jami'ar André Salifou a Damagaram, ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko kuwa bursun karatu a ƙasashen waje. Guraben kaɗan ne, masu nema suna da yawa, don haka kowa yana neman wanda zai ba shi shawara. A yau mafi yawan wannan shawarar ta koma cikin waya, a rukunonin WhatsApp da shafukan Facebook, inda ake tambayar yawan makin da ake buƙata, takardun da za a kai, da ranar rufe karɓar dosiye.

Da yawa daga masu tambayar ba sa amfani da sunansu na gaskiya. Suna tsammanin sunan aro da hoton fure ko na ɗan ƙwallo sun isa su rufe su. Binciken masana da abubuwan da suka faru a wasu ƙasashe sun nuna akasin haka: ana iya gane mutum daga ƴan bayanan da ya zubar nan da can, ko da bai taɓa faɗin sunansa ba. Ga mai neman aikin likita, wanda ginshiƙinsa riƙon sirri ne, abin yana iya shafar gurbin karatu, biza, har da mutunci.

Me ya sa ɗalibi yake ɓoye sunansa?

Ɓoye suna ba alamar rashin gaskiya ba ne. Akwai tambayoyin da ɗalibi ba zai iya yi a gaban ƴan unguwarsu ba. Wani ya faɗi BAK sau ɗaya ko sau biyu, yana son ya san ko hakan zai hana a ɗauke shi. Wata tana fama da ciwon sikila ko farfaɗiya, tana tunanin ko za ta iya jure karatu mai tsawo da kwanan gadi a gidan likita. Wata an sa mata ranar aure, ko tana da ciki, tana neman sanin yadda waɗanda suka riga ta suka haɗa gida da karatu. Wani kuma iyayensa ba su da halin biyan kuɗin rajista da na haya a Yamai, kuma ba ya son a san da haka.

Ga ƴan mata akwai ƙarin dalili. Duk wadda ta bayyana lambarta da hotonta a rukuni mai ɗaruruwan mutane ta san irin saƙonnin da sukan biyo baya cikin dare. Saboda haka buƙatar ɓuya gaskiya ce, kuma tana da amfani. Matsalar ita ce mutane da yawa suna ba sunan aro amanar da ba zai iya riƙewa ba, sai su faɗi abin da ba za su taɓa faɗa a fili ba.

Yadda ake gane mutum ba tare da suna ba

Misalin da aka fi ambato a wannan fanni ya faru a jihar Massachusetts ta Amurka a 1997. Hukumar inshorar ma'aikatan jihar ta ba masu bincike bayanan jinyar ma'aikata bayan ta cire sunaye da adireshi. Wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Latanya Sweeney, wadda daga baya ta zama farfesa a Jami'ar Harvard, ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge a kan dala 20 ta Amurka, ta gwama ta da bayanan jinyar. Mutum shida ne kawai a birnin suke da ranar haihuwa ɗaya da gwamnan jihar na lokacin, William Weld. Uku daga cikinsu maza ne, kuma shi kaɗai ne yake zaune a yankin da ke da lambar gidan waya irin tasa. Da haka ta gano takardun jinyar gwamna.

A shekara ta 2000 Sweeney ta ƙiyasta cewa ana iya ware kashi 87 cikin 100 na Amurkawa da abubuwa uku kacal: ranar haihuwa, jinsi, da lambar gidan wayar unguwa. Wani lissafi da aka sake yi a 2006 ya sauko da adadin zuwa kashi 63 cikin 100, wanda shi ma ya haura rabin jama'ar ƙasar.

Hanyar ba ta da wuyar fahimta. Kowane bayani yana rage yawan mutanen da za a iya zato. Alal misali, a ce wata ta rubuta da sunan aro cewa ta ci BAK D a bana da matsakaicin maki 14 bisa 20, a wata makarantar gwamnati ta Mirriya. Washegari ta ƙara da cewa mahaifinta malamin makaranta ne, bayan mako guda kuma ta tambayi yadda mai sikila zai yi da kwanan gadi. Babu inda ta faɗi suna, amma duk ɗan ajinsu da ya karanta saƙonnin uku ya san ko wace ce, kuma yanzu ya san ciwon da ta ɓoye shekara da shekaru. A garin da ake kiran sunayen waɗanda suka ci jarrabawa a bainar jama'a, maki mai kyau kansa tamkar suna ne.

Akwai kuma alamun da waya take bayarwa da kanta. A rukunin WhatsApp mutanen rukunin suna ganin lambar juna, kuma layin waya a Nijar ana yi masa rajista da katin shaida. Wanda yake amfani da sunan aro guda a Facebook, TikTok da Instagram ya ɗaure shafukan uku da igiya ɗaya. Hoton da aka aika a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, yana iya tafiya da ranar da aka ɗauke shi da irin wayar, wani lokaci har da wurin da aka tsaya. Salon rubutu ma yana tona asiri: kalmar da mutum ya saba maimaitawa, da yadda yake cuɗa Hausa da Faransanci.

Abin da ya faru a Amurka da Kanada

A Amurka ne aka fi tattauna wannan batu, saboda tsananin gasar shiga makarantun likita. A 2021 mutane fiye da 62,000 suka nemi gurbi, waɗanda suka fara karatu kuwa ba su kai 23,000 ba. Yawancin makarantun suna karɓar takardu ta tsari guda da ake kira AMCAS, inda mai nema yake saka makin jarrabawar MCAT, wanda yake tsakanin 472 da 528, da makin jami'a, da ayyuka har guda 15 da ya taɓa yi, da wasiƙar da ke bayyana dalilinsa na son likitanci. Ɗaliban sun saba wallafa irin waɗannan bayanai da sunan aro don a gaya musu ko suna da sa'a. To amma bayanan nan su ne dai suke kan teburin kwamitin zaɓe. Wanda ya faɗi makinsa, jiharsa da wani aikin sa kai da ba kowa ke yi ba, ya kwafi dosiyensa ne ya manna a kasuwa.

Shin masu zaɓen suna dubawa? Kamfanin Kaplan, wanda yake tambayar jami'an ɗaukar ɗalibai na jami'o'in Amurka, ya samu kashi 10 cikin 100 suna leƙa shafukan masu nema a 2008, adadin ya kai kashi 40 cikin 100 a 2015. Wannan ƙididdiga ta shafi masu shiga digirin farko ne gaba ɗaya. Amma manyan shari'o'in da aka sani ba ta hanyar binciken kwamiti suka fito ba, wani na ciki ne ya fitar da maganar.

A 2017 Jami'ar Harvard ta janye gurbin aƙalla ɗalibai 10 da ta riga ta ɗauka, bayan ta samu labarin hotunan ba'a da suka riƙa aika wa juna a wani rufaffen rukuni na Facebook, inda suke yi wa fyaɗe, kisan Yahudawa na zamanin Hitila da wasu ƙabilu dariya. A ƙarshen 2014, a Jami'ar Dalhousie ta birnin Halifax a Kanada, an fallasa saƙonnin batsa da wasu ɗaliban likitancin haƙori na shekarar ƙarshe suke rubutawa a kan ƴan matan ajinsu, su ma a rufaffen rukuni. A farkon 2015 aka dakatar da mutum 13 daga duba marasa lafiya, ana saura ƴan watanni su gama karatu.

Wani bincike da Dokta Katherine Chretien da abokan aikinta suka wallafa a mujallar likitoci ta JAMA a 2009 ya nuna cewa abin ya daɗe. Makarantun likita 78 cikin 130 ne suka amsa tambayoyinsu, 47 daga ciki suka ce sun taɓa samun ɗalibi da ya wallafa abin da bai dace da aikin likita ba. Makarantu shida sun ba da labarin tona sirrin majinyaci, uku kuma sun ce abin ya kai ga korar ɗalibi.

Darasin da ke cikin waɗannan shari'o'i ya shafi kowace ƙasa. WhatsApp yana kulle saƙo tsakanin mai aikawa da mai karɓa tun 2016, ta yadda wani na waje ba zai karanta shi a hanya ba. Wannan kulli bai hana wanda ya karɓa ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura wa wani ba. Rukunin da zai iya ɗaukar mutum 1,024 ba ɗakin sirri ba ne, kuma a cikinsa akwai masu neman gurbi ɗaya da mai maganar.

Masu neman biza

Ga wanda yake son karatu a waje, duba shafukan sada zumunta ya zama doka a wasu wurare. Tun 2019 takardar neman bizar Amurka tana buƙatar mutum ya rubuta sunayen da ya yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekaru biyar da suka wuce, har da na aro. A watan Yuni na 2025 ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta umarci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu yadda jami'an ofishin jakadanci za su iya gani. Ɓoye wani shafi a takardar yana iya jawo hana biza, domin ana ɗaukarsa a matsayin ba da bayanin ƙarya. Ke nan a irin wannan yanayi sunan aro ba mafaka ba ne, mai shi ne da kansa zai miƙa shi.

Takardun dosiye da inda suke kwana

A Nijar haɗarin da ya fi kusa da ɗalibi yana cikin takardunsa ne. Dosiye guda yana ɗauke da takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, takardar maki, shaidar cin BAK, hoto, wani lokaci har da fasfo da takardar likita. Wanda ya mallaki waɗannan ya mallaki duk abin da ake buƙata don yin sojan gona da sunan mutum.

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar hoton takardun ne a shagunan intanet da ake kira siba. Ana gama aiki a tafi, kwafin takardun ya ci gaba da zama a kwamfutar shagon, akwatin imel kuma a bar shi buɗe ga wanda zai zauna a kujerar. Wasu ma mai shagon ne yake buɗe musu imel ɗin, shi ya zaɓi kalmar sirri, shi kuma yake riƙe da ita. Amsar jami'a ko ta hukumar bursu ta wannan akwatin take zuwa.

Sai kuma ƴan damfara, waɗanda kasuwarsu take buɗewa bayan fitar sakamako. Sukan yi tallar bursun likitanci a wata ƙasa, su nemi a aiko da takardu ta WhatsApp tare da kuɗin buɗe dosiye. Bursun da ƙasashe suke ba gwamnatin Nijar ana sanar da su ne ta hukumar ANAB, shirin bursu na gwamnatin Turkiyya kuwa ana cika shi kyauta a shafinsa na hukuma. Wata dabara da ta yaɗu ita ce a kira ɗalibi a ce ya karanto lambobi shida da suka shigo wayarsa don a saka shi a rukunin masu bursu. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinsa ne. Idan ya faɗe su, an ƙwace shafin, kuma da sunansa za a roƙi danginsa kuɗi.

Sirrin da ba na ɗalibi ba

Akwai wani ɓangare da ya bambanta mai neman likitanci da sauran ɗalibai. Wasu sukan fara zuwa gidan likita tun kafin su samu gurbi, su taya wani ɗan uwa ma'aikacin jinya, ko su yi aikin sa kai a ranakun rigakafi. Ɗoki yakan sa su ɗauki hoto da farar riga, alhali a bayansu akwai mara lafiya a kan gado ko takardar magani mai ɗauke da suna. Wasu kuma sukan ba da labarin ciwon da suka gani, suna ganin tunda ba su faɗi suna ba babu laifi. Ƙa'idar da ta tona gwamna Weld ita ce take aiki a nan. A ƙaramin gari, shekarun mace, unguwarsu da ranar da aka kawo ta ɗakin haihuwa sun ishi maƙwabta su gane ta.

Riƙon sirrin majinyaci yana cikin rantsuwar Hipokrat da sababbin likitoci suke yi ranar kare kundin digirinsu. Yana kuma cikin Sanarwar Janeba da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta amince da ita a 1948, aka sabunta ta a 2017, wadda ta ɗora wa likita riƙe sirrin ko bayan mutuwar mai shi. Malamin da ya ga hoton majinyaci a shafin ɗalibi yana da hujjar tambayar ko wannan ɗalibin zai iya riƙe amanar da ta fi wannan girma.

Me doka ta ce?

Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane mai lamba 2017-28 a ranar 3 ga Mayu 2017, daga baya doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 ta maye gurbinta. Hukumar HAPDP ce take sa ido a kan aiki da ita, kuma a wurinta ake kai ƙorafi. Dokar ta ba mutum damar sanin bayanan da wata ma'aikata ko kamfani yake riƙe da su a kansa, da neman a gyara kuskure, da ƙin yarda a yi amfani da su ta hanyar da ba ta dace ba. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda aka fi tsananta karewa.

Doka tana kuma kallon mai rubutu. Dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ta hukunta ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura. An cire hukuncin ɗauri a kan waɗannan laifuka biyu a 2022, sannan aka maido da shi a watan Yuni na 2024. Ɗalibin da bai samu gurbi ba, ya hau shafi da sunan aro yana zargin wani malami da cin hanci ba tare da hujja ba, yana iya samun kansa a gaban alƙali, kuma hukunci yana shiga takardar shaidar rashin laifi da ake nema a dosiyoyi da yawa.

A Turai, kotun Tarayyar ta yanke hukunci a watan Mayu na 2014 cewa mutum yana iya neman Google ya cire wasu sakamakon bincike da suka shafi sunansa. Ko a can ɗin, cirewa daga sakamakon bincike ba ta goge asalin rubutun, balle hoton da wani ya riga ya adana a wayarsa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce.

Abin da ɗalibi zai iya yi

Matakin farko shi ne ya rubuta cikakken sunansa da lambar wayarsa a Google da Facebook, ya ga abin da baƙo zai gani. Tsofaffin hotuna da maganganun ƙuruciya da ba zai so malaminsa ya karanta ba, ya cire su tun kafin ya miƙa dosiye, ya kuma duba hotunan da abokai suka saka sunansa a kai.

Idan zai yi tambaya da sunan aro, ya rage bayani. Zai iya cewa makinsa yana tsakanin 12 da 14 maimakon ya faɗi ainihin adadin, ya ambaci jiha maimakon gari da makaranta. Kada ya haɗa maganar maki da ta ciwo ko ta iyali a ƙarƙashin suna guda. Tambayar da ta shafi lafiya ko aure ta fi dacewa da mutum ɗaya amintacce, kamar tsohon ɗalibin tsangayar ko likita, fiye da rukuni.

Takardun dosiye ba a saka su a rukuni ko a sitatus, ko da murnar cin jarrabawa ce, domin takardar maki tana ɗauke da suna, ranar haihuwa da wurin haihuwa. Wanda ya yi aiki a siba ya tsaya har a goge kwafin takardunsa daga kwamfuta da kwandon shararta, ya fita daga akwatin imel, ya canza kalmar sirri a wayarsa idan wani ya gan ta. Ya kunna kariya mai mataki biyu a WhatsApp da imel, kuma lambobin da suka shigo ta saƙo kada ya karanta wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga jami'a yake.

Iyaye da yayye su ma suna da hannu a ciki, domin sau da yawa su ne suke watsa takardar makin yaro a rukunin dangi saboda farin ciki. Kafin a tura irin wannan hoto, a rufe lambar jarrabawa da ranar haihuwa, a kuma tambayi mai takardar ko ya yarda.